Koren Biron Lorna Tidwell

A garinmu in ka ce "Ba tukuna", kowa ya san Lorna Tidwell kake kwaikwaya. Tun 'yarta Tirzah ba ta iya riƙe fensir ba take koyar da ita a kan teburin kicin, har yarinyar ta kai shekarar ƙarshe ta sakandare, kuma ba ta taɓa rubuta mata cewa ta faɗi ba. Jan biro ba ya kwana a gidan. Kore take riƙewa. In aiki bai yi ba, sai ta rubuta "Ba tukuna" a saman takardar ta mayar wa Tirzah ta sake. A sake, a kuma sakewa, ko da lissafin mako guda zai cinye wata. Ranar da aikin ya fita tas ranar ake ba da maki, kuma makin ɗaya ne kullum, A.

Tana da dalilinta. Tana 'yar aji huɗu a makarantar gwamnati wata malama ta zana mata F da jan biro, ta manna takardar a jikin allo har aka tafi hutu, yara suna wucewa suna nunawa. Lorna ta girma, ta yi aure, ta haihu, amma abin bai bar ranta ba. Shi ya sa da Tirzah ta isa shiga makaranta ta ce wa mijinta Royce ko sama da ƙasa za su haɗu 'yarta ba za ta zauna gaban mai jan biro ba. Royce mutum ne da injin gurzar auduga ya cinye masa rabin ji da dukan gardama. Ya ce to. Daga ranar yake ce wa mutane shi ne firinsifal na makarantar, sai dai har yanzu ba a nuna masa ofishinsa ba.

Iyaye mata masu koyar da 'ya'yansu a gida suna haɗuwa duk Talata a zauren coci, kuma a nan Lorna ta yi suna. Takan miƙe da koren bironta ta ce a gidanta ba a miƙa aikin da bai nuna ba, ba a kuma bin agogo, yaro ake bi. Mu da muka zauna muna gyaɗa kai, muka fita muka sayi koren biro har ya ƙare a kanti, ba mu da bakin zaginta yau. Amma muna yi.

Ita kuwa Tirzah doguwa ce marar surutu, mai hannun dabbobi. Tun tana ƙarama take bin likitan dabbobin garin gona-gona tana riƙe masa jaka, kuma abu ɗaya take so a duniya, ta zama irinsa. Akwai wata jami'a can arewa da ke ɗibar 'ya'yan karkara kaɗan kowace shekara, ta ɗauke musu kuɗin karatu, ta dora su a kan hanyar likitancin dabbobi. Sau ɗaya ake nema, a shekarar gama sakandare. Ba don wannan ba, gidan Royce ba su da hanya.

Sai dai jami'a ba ta cika yarda da makin da uwa ta ba 'yarta ba. Makin uwa suke ce masa, suna murmushi. Suna son su ga ko da maki ɗaya ne da baƙon malami ya bayar. Don haka Lorna ta sa Tirzah a kwas mai lada biyu a kwalejin garin da ke gaba da mu, irin wanda ɗan sakandare ke zama aji ɗaya da manya, makin ya shiga takardarsa ta sakandare ya kuma shiga ta kwaleji. Ta zaɓa mata darasin rubutu, don a nan ta san 'yarta ba ta da na biyu. A ranta ma ba Tirzah kaɗai za a auna ba. Duk A ɗin da ta rubuta da hannunta suna jiran wannan maki ɗaya ya yi musu shaida.

Asiri ya tonu ne ranar Bikin Godiya, wanda dangi ke taruwa cin abinci a ƙarshen Nuwamba, a kan tebur, talotalo na gaban kowa. Jolene, yayar Royce, ta zo. Ta daɗe tana koyarwa a makarantar gwamnati, kuma ita da Lorna sun daɗe suna yi wa juna murmushin da bai wuce haƙori ba.

"To, 'yar kwaleji," in ji Jolene, tana miƙa wa Tirzah kwanon dankali. "Me malamin ya ba ki a rubutun farko? Kar ki ce min A, na gaji da jin harafin nan a gidan nan."

"Ban miƙa ba tukuna, Gwaggo."

"Na farkon nake nufi, 'yar nan. Na watan Satumba."

"Shi nake nufi ni ma."

Jolene ta ajiye kwanon a hankali. "Guda nawa aka ba ku zuwa yanzu?"

"Uku."

"Nawa kika miƙa?"

Tirzah ta sunkuyar da kai tana juya cokali.

"Ki bar yarinya ta ci abinci, Jolene," in ji Lorna. "Na ga na farkon da idona, bai nuna ba, na ce ta sake. Malamin kirki zai fi son aiki mai kyau a makare da shirme a kan lokaci."

"Malama Lorna," in ji Jolene, "can fa ba kicin ɗinki ba ne. Ranar da aka sa ita ce ranar. In ta wuce, sifili ne. Kuma makin kwaleji ba a goge shi, yana bin mutum har kabari. Ko janyewa daga kwas ɗin yana da ranarsa, na tabbata ita ma ta wuce kuna nan kuna jiran abu ya nuna."

"Me ake cewa ne?" in ji Royce, yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

"Ana cewa makarantarka ta kama da wuta, firinsifal. Ci namanka."

Abin da ya fi ƙona wa Lorna rai ba maganar ba ce, bakin da ta fito ne. Da wani ne ya faɗa da ta haɗiye. Bayan an watse ta tsare Tirzah a wajen wanke-wanke, yarinyar ta faɗi sauran da ƙyar. Lokacin da ta gama gyara na farkon, shafin intanet da ake tura aiki ya riga ya rufe. Kunya ta hana ta faɗa. Sai ta ce bari ta yi na biyun ya yi kyau sosai yadda zai wanke na farkon, shi ma ranarsa ta zo bai kai yadda take so ba. Haka na ukun. Ba ta taɓa fashin aji ba, kuma rubutun suna nan a ɗakinta, kowanne an sake shi ya fi a ƙirga.

Ranar Litinin Lorna ta gasa kek mai gyaɗar pekan, ta sa rigar zuwa coci, ta ja Tirzah zuwa kwalejin. Malamin, Mista Ochoa, ɗan gajere ne mai furfura, ofishinsa bai fi ɗakin ajiyar tsintsiya ba. Ya miƙe ya gaishe ta da ladabi, ya dubi kek ɗin, bai taɓa shi ba.

"Misis Tidwell, ki yi haƙuri, ba zan iya tattauna ɗaliba da ke ba sai da izininta. Doka ce."

"Ni na haife ta. Ni na koya mata harafin farko da ta sani. Ni ce malamarta."

"Na yarda. Amma a nan ɗalibar kwaleji ce."

Haka Lorna Tidwell, wadda mata ke rubuta maganarta a zauren coci, ta tsaya riƙe da kek aka leƙa waje aka tambayi 'yarta ko ta yarda a yi magana da uwarta. Tirzah ta shigo ta gyaɗa kai. Lorna ba ta taɓa jin wulaƙanci irin wannan ba tun aji huɗu.

"'Yarki ta fi kowa kai a ajina," in ji Mista Ochoa. "In ta buɗe baki kowa shiru yake yi. Amma ban taɓa ganin layi ɗaya na rubutunta ba. Na aika mata saƙo ya fi sau nawa, amsarta ɗaya ce, ta kusa gamawa."

"Haka na koya mata. Ba ta miƙa aikin da bai nuna ba."

"Ni kuwa aikina shi ne in ga ɗanyen, Misis Tidwell. In ya nuna, me ya rage in koya mata?" Ya cire tabarau ya murza ido. "Akwai wata a ajin nan mai 'ya'ya biyu, tana aiki a gidan tsofaffi, ba ta taɓa latti ba. Abin da zan yi yanzu ba adalci ba ne gare ta, amma zan yi. Ranar Juma'a mai zuwa da tsakar rana nake tura makin kowa. Tirzah ta kawo min ukun da hannunta kafin lokacin, yadda suke. Zan zaftare na latti, amma in sun yi rabin kyan bakinta za ta tsira. In ba su zo ba, F ne, kuma daga nan ya fita hannuna."

Ya juya ga yarinyar. "Kin ji ni, Tirzah? Yadda suke."

"Na ji, Malam."

Suka fito da kek ɗinsu.

A kwanakin da suka biyo baya Lorna ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta jefa koren biron cikin durowar cokula, ta ce wa Tirzah ba za ta karanta komai ba, ta rubuta kawai ta buga. Sai ta kama wanke abin da ba ya bukatar wanki, tana jin ƙarar madannin kwamfuta daga ɗaki, tana jin lokacin da ya tsaya. In ya tsaya gabanta ya faɗi. In ya ci gaba kuma sai wani abu a ranta ya ce, ko me take rubutawa ba wanda ya duba? Biyu suka fito, Tirzah ta sa su a jaka. Na ukun, wanda ta yi a kan zawon da ke kashe 'yan maruƙa lokacin sanyi, shi ne mai maki mafi yawa, shi ne kuma wanda ta fi so. Sai safiyar Juma'a ta buga shi.

Royce ya leƙo kicin da hularsa a hannu zai tafi aiki. "Ki kai musu, 'yata, ko da juye yake. Mu a wajenmu auduga in ta shigo gurzarta muke, ba ma tambayarta ko ta shirya."

Lorna ce ta tuƙa. Iska na kaɗawa, audugar da ta zubo daga manyan motoci ta yi fari a gefen titi. Sun isa da sauran lokaci mai yawa. Lorna ta tsayar da mota gaban ginin, ta ce, "Je ki. Ina nan."

Tirzah ba ta buɗe ƙofa ba. Ta zaro na ukun daga jaka ta ɗora a cinyar uwarta.

"Ki duba min kawai, Mama."

"Na ce miki ba zan duba ba."

"Ban taɓa ba wani abin da ba ki gani ba. Ki karanta kawai ki ce ya yi, in tafi."

Da Lorna ta mayar mata da takardun ta ce ta fita, da yanzu wani labarin muke ba da wa. Amma ta karanta. Shafin farko ya sa ƙwalla ta taru mata, don rubutu ne na wadda ta durƙusa cikin taɓo ta riƙe kan ɗan maraƙi yana mutuwa. A shafi na biyu kuwa akwai wani sakin layi da ya riga wurinsa zuwa, ya ba da maganin kafin a faɗi cutar. Ƙaramin abu ne, malamin da ke da tulin takardu a gabansa da wuya ma ya kula. Ta wuce shi ta kai ƙarshe, ta haɗa takardun, ta yi murmushi.

"Ya yi," in ji ta.

Tirzah na kallonta. Yarinyar nan ba ta da wani allo a rayuwarta sai fuskar uwarta, ita take karantawa tun kafin ta iya karanta littafi.

"Kin ciji leɓe."

"Ban cija ba."

"Kin cija, Mama. A shafi na biyu. Mene ne?"

"Ba komai. Tashi ki kai."

"Ƙarya kike min. Ba ki taɓa min ƙarya a kan aiki ba."

Wannan maganar ce ta karya Lorna. Ko kuwa ba ita ba ce, don mu da muka san ta mun san abin yana cinta tun da idonta ya sauka a kansa, kamar ƙashin kifi a maƙogwaro. Ta buɗe shafin ta sa yatsa.

"Wannan ne kawai. Da ya koma ƙasa da na bayansa. Amma ba wani abu ba ne, Tirzah, ki bar shi."

"Laburare na nan kusa. In matsar da shi in sake bugawa, yanzu in fito."

Lorna ta dubi agogon mota. Akwai lokaci. Ta san abin da ya kamata ta ce, kalmomin suna bakinta. Amma can ƙasan ranta ita ma ba ta son baƙon nan ya ga aikin makarantarta da tabo. Ta ce, "To, yi sauri."

Tirzah ta mayar da takardun cikin jakar, ta ɗauke ta ta shige laburare.

Lorna ta zauna tana kallon ɗalibai suna wucewa, wasu da wandon barci, wani yana cin burodi yana tafe da takardu a lanƙwashe a aljihun baya. Ta raina su a ranta. Da jiran ya yi yawa ta ce wa kanta layi ne a wajen injin bugawa. Da ya ƙara yawa ta ce ai yarinyar ta fita ta ɗaya ƙofar ta wuce ofishin kai tsaye. Sai da ta ga tsakar rana ta gota sannan ta fito da gudu, rigar sanyinta a buɗe.

Ta same ta a can lungu gaban kwamfuta. Tirzah ta matsar da sakin layin, sai ya zama na gabansa bai zauna ba. Ta gyara shi, sai buɗewar ta daina dacewa. Yanzu shafi na biyu babu shi gaba ɗaya, ta goge ta faro daga farko. Fuskarta sharkaf da hawaye, yatsunta na ta aiki.

"Na kusa, Mama."

Lorna ta fizgi jakar ta yi ginin malamai. A kan matakala ta ci karo da Mista Ochoa yana saukowa da jakarsa a kafaɗa. Ta miƙa masa takardun da hannu biyu, tana haki, tana cewa ga su, duk ga su, har da na ukun yadda yake da safe.

Bai karɓa ba. "Na jira ta, Misis Tidwell. Har na ƙara mata lokacin da ba nawa ba, sai da ofis suka kira ni. Na riga na tura."

"Laifina ne. Ni na tsayar da ita. Ka rubuta min F ɗin ni."

"Ke ba ɗalibata ba ce," in ji shi, ba da gatse ba. Ya raɓa ta ya sauka.

Jami'ar ba ta ɓata lokaci ba. A gabansu ga jerin A na shekara da shekaru da sa hannun uwa, ga kuma maki ɗaya tak daga hannun baƙo, F. Kowa ya san wanda suka gaskata, ba su ɗauki Tirzah ba. Jolene ta zo gidan da kwanon wake da burodin masara, ba ta ce komai ba, kuma Lorna ta fi tsanar wannan shirun da duk abin da ta taɓa faɗa. A zauren coci matan da suka sayi koren biro suka koma cewa dama su tun can abin bai kwanta musu ba. Likitan dabbobi ya ɗauki Tirzah aikin wanke kejin karnuka da riƙe shanu in za a yi musu allura.

Wata safiya a ƙarshen Janairu Tirzah ta fito da kayan aikinta, ta ajiye wasu takardu a kan teburin kicin, daidai inda ta saba ajiyewa, ta zauna tana ɗaura takalmi. Rubutun 'yan maruƙan ne. Lorna ta share hannu ta karanta a tsaye. Ta nemi abin gyara daga farko har ƙarshe, ta sake nema, babu. Ba ta taɓa karanta abu mai kyansa ba, kuma duk duniya ba mai bukatarsa.

Ta buɗe durowar cokula ta lalubo biron. Ta rubuta A a sama, ta tura takardun gaban 'yarta.

"Ya yi, Tirzah. Wannan karon da gaske."

Tirzah ta gama ɗaure takalmin ta miƙe. Ba ta kalli takardun ba.

"Ki ajiye, Mama. Ai naki ne."

Ta ɗauki makullin mota ta fita, kar ta makara wajen karnuka.